Wurin da Hansatu Ta Share

Ku matso, ku rage murya. Wanda bai yi bisimilla ba ya yi yanzu. Kuma ba na son kowa ya tashi shan ruwa sai na kai ƙarshe.

A Azare, bayan tashar mota, akwai wani dogon layin shaguna inda ake sayar da waya da caja da kayan kwamfuta. Shagon ƙarshe, wanda ya jingina da wata tsohuwar tsamiya, na Hansatu ne. Ita kaɗai ce mace a layin. Gyaran kwamfuta take yi.

Ba a makaranta ta koya ba. Mijinta Mudassiru ne ya koya mata, tun tana kawo masa abincin rana tana zama a gefe tana kallon hannunsa. Da Allah ya karɓi abinsa, sai ya bar mata shagon, da 'ya ɗaya, Iklima, da wani baƙin filash da bai kai ɗan yatsa ba. Ta zura masa dogon zare ta rataya a wuya, ƙarƙashin hijabi. Ko aiki za ta yi ba ta cire shi. Sai dai ta sunkuya ta cusa shi a jikin kwamfuta, zaren yana wuyanta.

Duk sana'ar tana cikin filash ɗin nan. Ƙananan manhajoji ne, irin waɗanda ake saukewa kyauta, Mudassiru ya yi shekaru yana tara su. Sunayensu na Turanci suna karya mata harshe, sai ya raɗa musu na gida. Akwai Tsintsiya, mai kwashe tarkacen da ke sa kwamfuta nauyi. Akwai Mai Gadi, mai kama cuta. Akwai Likita, wanda ke duba rumbun kwamfuta, wato inda take adana komai, ya faɗa maka ko yana da sauran kwana. Sai Ƙugiya.

Kun san ƙugiyar da ake zurawa a rijiya in guga ya faɗa. To haka wannan take. In mutum ya goge hoto ko takarda bisa kuskure, ita ake zurawa ta lalubo.

"Abin da aka goge bai tafi ba, Hansatu," haka Mudassiru yake ce mata. "Yana nan kwance a ƙasan rijiya. Sai ranar da aka zuba wani abu a kansa. Ranar kam ya tafi, ko ni ban iya ba."

Ya kuma kafa mata doka ɗaya, ya maimaita har ta haddace. In Ƙugiya ta ciro abu, ba a mayar da shi cikin rumbun da ya fito. Zai danne 'yan'uwansa da ba a ciro ba tukuna. Sai a nemi wani wuri daban a ajiye.

Da wannan dokar ta yi suna. Ko'ina a garin in an ce ina za a kai kwamfutar da ta haɗiye kayan mutum, sai a ce a kai wa matar marigayi, ba ta ganganci.

Ban da manhajojin, abu ɗaya ne a filash ɗin. Wata folda mai suna Iklima. Mudassiru ya buɗe ta ranar suna. Hoton farko, yarinya a cikin zani, fuska a yamutse. Ranar da ta fara rarrafe. Ranar da ta taka ƙafa uku ta faɗi ta yi dariya. Muryarta lokacin da ta fara cewa Umma. Da ya rasu Hansatu ta ci gaba da zubawa, har yarinya ta shekara biyar. In shago ya yi shiru sai ta buɗe ta yi ta kallo.

To, ranar wata Juma'a ce.

Sha biyu da rabi aka fara jan ƙofofi. Baba Tanimu, dattijon da ke sayar da caja a shagon kusa da nata, ya leƙo da dardumarsa a kafaɗa.

"Injiniya, yau ma ba za ki rufe ba?"

"In rufe in je ina, Baba? Sahun maza?"

"Ki je gida ki miƙe ƙafa mana. Tsakar ranar Juma'a ko akuya inuwa take nema."

"Akuya ba ta da kwamfutar mutum uku a kan tebur."

"To ki dai ja ƙofa. Wannan tsamiyar taki ba ta son shiru."

"Tsamiyar da kake shan rake a gindinta kullum?"

"Ni da hantsi nake sha," in ji shi. Bai yi dariya ba.

Ya tafi. Kowa ya tafi. Mai injin wuta ya kashe injinsa shi ma ya bi su, dama babu wuta tun safe. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Layin nan da ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya ya zama kamar an yi shara. Daga nesa lasifikar masallaci kawai ake ji.

Hansatu ta yayyafa ruwa a ƙasa don zafi. Ta zauna da sukundireba tana kwance wata laftof.

Ba ta san lokacin da ta daina jin lasifikar ba. Ƙudajen da ke kan ɓawon mangwaro a bakin ƙofa ma sun watse.

Sai inuwa ta rufe mata haske.

Mace ce, doguwa. Hijabinta ruwan toka, yana jan ƙasa. Ta rungume wani abu a ƙirji, naɗe cikin zanen goyo. Ta tsaya a waje, daidai bakin ƙofa. Ba ta yi sallama ba. Ba ta kuma shigo ba.

Ni dai da ni ce, wanda bai yi mini sallama ba ba zan ce masa komai ba. Amma mai sana'a ba ya korar baƙo.

"Shigo mana, Hajiya. Rana za ta dafa ki."

Sannan ta shigo.

Ta zauna a benci. Ta kwance zanen a hankali, kamar mai gudun tada jariri. Laftof ce, tsohuwa, mai kauri, babu sunan kamfani a jikinta.

"An ce kina dawo da abin da ya ɓata."

Hansatu ta ɗago. Wani abu bai yi daidai ba. Bakin matar ya riga ya rufe kafin maganar ta iso. Kuma muryar ba daga bakin take fitowa ba. Daga ƙasa take tasowa, wajen ƙafafun bencin.

Zafi ne, ta ce a ranta. Zafi da yunwa.

"In Allah ya yarda. Me ya goge?"

"Ɗana."

"Na'am?"

"Kamanninsa. Muryarsa. Abin da ya rage mini ke nan."

"Ayya. Allah ya jiƙansa."

Matar ba ta ce amin ba.

"Ciwo ya yi?"

"Ruwan zafi. Yana wasa a bakin magudana da magariba. Wata ta fito da tukunya ta watsa. Ba ta ce komai ba kafin ta watsa."

Hansatu ta tuna Iklima. Ita ma uwa ce. Ta miƙa hannu ta karɓi laftof ɗin. Sanyi ƙalau, kamar an ciro ta daga gindin randa. Akwai toka a tsakanin madannan. Ta juya bayan laftof ɗin, ramin batir a buɗe, babu komai ciki.

"Hajiya, ai babu batir. Ga shi babu wuta. Sai dai ki jira a sauko daga masallaci a tada inji."

"Danna."

Ta danna. Laftof ta kama.

Nan ne ya kamata ta ajiye ta ce ba ta iyawa. Amma hannun mai gyara yana riga kansa tunani. Har ta zaro filash daga wuyan hijabi.

"Tsaya," in ji matar. "Sharaɗi ɗaya. Kada ki ajiye komai nawa a cikin kayanki. Ko ƙwaya ɗaya."

Wannan ba baƙon zance ba ne ga Hansatu. Mutane suna da sirri, kowa yana tsoron mai gyara ya kwashi abin da ba nasa ba.

"Ni ba na taɓa kayan mutane, Hajiya. Ki tambaya."

"Na tambaya."

Ta sunkuya ta cusa filash. Likita ta fara buɗewa, kamar yadda aka koya mata. Bai ɗauki lokaci ba. Ja. Duk layukan ja. Ta kara kunne, sai ta ji rumbun yana ƙara a ciki, ƙit, ƙit, ƙit, kamar gara tana cin azara. Ta san wannan ƙarar. Rumbun da ya fara ta ba ya kai awa ɗaya.

Ta zura Ƙugiya.

Abubuwa suka fara tasowa. Goma. Hamsin. Ɗari uku. Babu mai suna, babu mai kwanan wata. Hoto ɗaya ya leƙo a gefe, ɗan ƙarami. Duhu ne kawai. Sai idanu biyu, kusa da ƙasa.

Ta kau da kai.

"Suna nan, Hajiya. Duk suna nan. Kin zo da filash?"

"Ban zo da komai ba sai shi."

"To ai ba a mayar da su inda suka fito. Kuma rumbun nan mutuwa yake yi. Sai an sami wani wuri."

"Ke kika san aikinki."

Hansatu ta duba shagon. Babbar kwamfutar tebur tana buƙatar wuta. Babban rumbun da take kwafar kayan mutane a ciki, ranar ta baro shi a gida cikin wata jaka. Masu sayar da filash duk suna masallaci, ƙofofinsu da kwaɗo.

"Ki jira a sauko. Baba Tanimu yana da sababbi."

"Ba zan kai a sauko ba."

"To ki dawo gobe."

"Zai kai gobe?"

Ƙit, ƙit, ƙit.

Hansatu ta sake kara kunne. Ba zai kai ba.

Matar ta juya mata baya a kan bencin, ta fuskanci bango. Ta dunƙule zanen goyon, babu komai cikinsa, ta ɗora a kafaɗa tana jijjigawa. Ta fara wani gunguni a maƙogwaro, irin na lallashin yaro. Kafaɗunta suna rawa.

Hansatu ta tuna lokacin da ƙyanda ta kwantar da Iklima, kwana tara, yadda ta riƙa sa kunne a ƙirjinta tana sauraron numfashi. Ta dubi bayan matar. Ta dubi allon. Abu ɗari uku na yaron da ya mutu, suna shirin nutsewa a gaban idonta, ita kuma da ƙugiya a hannu.

Me zai faru in na ajiye na ɗan lokaci? Haka ta ce a ranta. Ana saukowa in sayi sabo, in juye mata, in goge nawa a gabanta. Za ta yi faɗa, amma za ta gode.

Ta zaɓi filash ɗinta.

Kwamfuta ta ce babu wuri.

Manhajojin ƙanana ne, ko an cire su duka ba za su ba da fili ba. Foldar Iklima ce ta cinye filash ɗin.

Ta ɗora kibiya a kan sunan. Hannunta ya tsaya. Akwai kwafi a gida, ta ce, a laftof ɗin marigayi. Satin jiya na juye. Da yamma sai in mayar.

Ta danna gogewa.

Kwamfuta ta tambaye ta, ta tabbata?

Gungunin da ke bayanta ya tsaya cak.

Ta ce ta tabbata.

Kwamfuta ta sake tsayawa. Ta ce akwai waɗanda aka kulle a ciki don kada a goge su bisa kuskure. Su ma a tafi da su? Mudassiru ne ya kulle su da hannunsa, hotunan ranar suna da muryar farko. Hansatu ta ciji leɓe.

Ƙit, ƙit. Ƙarar tana ja da baya.

Ta ce a tafi da su.

Sannan ta saki Ƙugiya ta fara juyewa. Wani koren layi ya kama tafiya a hankali. Filash ya ɗauki zafi. Zafin ya biyo zaren ya hau wuyanta, kamar an ɗora mata wayar ƙarfe da ta sha rana. Ba ta iya ɗagowa ba, in ta ɗago zai zare. Haka ta zauna a sunkuye, gumi yana ɗiga a kan madannai, yana jiƙa tokar.

Layin ya cika. Rumbun ya yi ƙit ɗaya ya yi shiru. Allon ya mutu.

"An gama," in ji muryar daga ƙasa.

Ba tambaya ba ce.

Matar ta juyo. Babu ɗigon hawaye a fuskarta. Murmushi take yi. Haƙoranta ƙanana ne, kuma sun yi yawa.

Ta miƙe. Laftof ɗin da ta shigo da ita a rungume kamar jinjiri, yanzu ta ɗauke ta da yatsu biyu kamar tsumma. Zanen goyon kuwa ta ninke shi da kyau ta ajiye a kan teburin.

"Hajiya, tsaya. Ban faɗa miki ba, kayanki suna..."

"Sun isa inda za su."

"Ki jira in juye miki."

"Ba ya cin gishiri," in ji matar. "Kada ki kusanto shi da buta. In ya yi kuka da magariba kada ki dake shi, ni yake nema. Zanen nasa ne, ya saba da ƙanshinsa."

"Wa?"

Matar ta kai bakin ƙofa. Akwai ɗan tudu a wurin, sai an ɗaga ƙafa. Ta tattare hijabinta.

Hansatu ta gani. Kofato ne. Guda biyu, baƙaƙe, irin na jaki. Suka sauka a kan simintin waje, ƙwas, ƙwas. Suka taka ƙasa. Suka zagaya bayan tsamiya.

Ta dubi ƙasan shagon da ta yayyafa wa ruwa. Sawun takalminta ne kawai.

Sai lasifika ta dawo mata a kunne. Liman yana sallame salla.

Ba ta rufe shago ba. Takalmi ɗaya ma a hanya ta bar shi. Ba ta san ta ɗauko zanen ba sai da ta gan shi a hannunta a ƙofar gida.

Mahaifiyarta, Inna Gaje, wadda ke riƙe mata yarinyar in ta tafi aiki, tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Lafiya? Wa ya biyo ki?"

"Ina Iklima?"

"Ga ta can. Yau ban san me ya same ta ba. Muna cikin cin dambu ta tofar, wai yana ƙona mata baki. Na ce to ki bari. Sai ta dube ni kamar yau ta fara ganina."

Iklima tana tsugune a bakin magudana, inda ruwan wanke-wanke ke fita. Ta juya baya. Rigar da Hansatu ta sa mata da safe, kitson da ta yi mata jiya.

"Iklima."

Ba ta waiwayo ba.

"Iklima, Umma ce. Zo ki ga abin da na kawo miki."

Yarinyar ta juyo a hankali. Fuskar ita ce. Wushiryar ubanta tana nan. Ta dubi Hansatu tun daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan ƙafafunta. Sannan idonta ya faɗa kan zanen. Ta taso da gudu ta fizge, ta cusa hanci a ciki, ta koma inda take.

"Iklima, ba ki san ni ba?"

Bakin ya motsa. Maganar ta biyo baya.

"Ke ce mai gyara."

Inna Gaje ta saki faifan, shinkafa ta watse.

Hansatu ta faɗa ɗaki ta jawo laftof ɗin marigayi daga ƙarƙashin gado. Ta kunna. Foldar tana nan, sunan yana nan. Ta sauke ajiyar zuciya ta buɗe.

Duhu. Idanu biyu kusa da ƙasa.

Ta buɗe na biyu. Na goma. Na ɗari. Ta buɗe muryar farko. Ƙarar ruwa ce, yana gudu a magudana, da wani yaro yana dariya.

Ta duba wayarta. Haka.

Ta goge duk abin da ta juye a filash ɗin, ta zura masa Ƙugiya. Ta zura sau ɗaya, ta zura sau bakwai, har rana ta faɗi. Duk abin da ya taso na yaron ne. Na Iklima ko gefen hoto ɗaya bai taso ba. Ta sani tun kafin ta fara. An zuba wani abu a kansa.

Da aka kira magariba yarinyar ta fara kuka. Ba kukan Iklima ba ne. Inna ta ɗora buta a wuta don alwala, yarinyar ta hango tururi, ta kurma ihun da sai da maƙwabta suka shigo.

An yi abin da ake yi. An kawo malamai, an yi karatu, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Yarinya ta zauna tana kallonsu da zanenta a hanci. Na ƙarshensu wani tsoho ne da aka ɗauko daga ƙauye. Ya yi karatu kwana uku. Ran na uku ya naɗe buzunsa ya kira Hansatu zaure.

"'Yata, wanda ya shiga da ƙarfi shi ake kora da ƙarfi. Wannan share masa wuri aka yi."

"Malam, a gwada dai."

"Zan iya matsa masa ya fita. Amma na yi ta kiran mai ɗakin, 'yar taki, babu wanda ya amsa. In ya fita, wa zai zauna?"



"Ki yi tunani," in ji shi. "Yanzu dai tana numfashi."

Juma'a ta zagayo. Baba Tanimu ya roƙe ta, har da cewa zai fasa masallaci ya zauna da ita. Ta ce ya tafi. Da layin ya yi shiru, ta fito ta tsaya a gindin tsamiya, ƙafa babu takalmi.

Ba ta daɗe ba. Lasifika ta ɗauke. Ƙwas, ƙwas.

Hansatu ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa kofaton.

"Ki yi wa girman wanda ya halicce mu, ni da ke."

"Yana cin abinci?" in ji matar.

"Ki dawo mini da 'yata."

"Na ga ya yi ƙiba. Kina kula da shi."

"Ni ce na watsa ruwan? In ni ce ki faɗa mini, ki ɗauki raina."

"Ba ke ba ce. Ita waccan ban ma san inda ta koma ba."

"To me na yi miki?"

"Kin iya aiki."

Hansatu ta ɗago.

"Na je wurin mutum shida kafin ke," in ji matar. "Biyu sun ga babu batir suka gudu. Ɗaya ya ce in je in sayo filash, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Uku ragwaye ne, suka mayar da shi cikin rumbun da ya fito, suka danne mini rabin dariyarsa. Sai aka ce akwai wata a Azare, ba ta ganganci, ga tausayi."

"Ke kika ce kada in ajiye."

"Na faɗa. Dole ne in faɗa, haka dokarmu take. Ke kuma kika bi ta mijinki. Sau biyu aka tambaye ki. Ina ji."

"Ki ɗauke ni. Ki sa shi a jikina, ki bar ta."

"Ke kin cika. Ita ce mai fili."

"To tana ina? Ki faɗa mini inda take, ko bangon duniya ne zan je."

Matar ta sunkuyo. Numfashinta sanyi, yana warin toka mai jiƙe.

"Ke ce mai sana'a," ta ce. "Abin da aka zuba wani a kansa, ina yake zuwa?"

Ta zagaya bayan tsamiya.

Shekara huɗu ke nan. Hansatu tana nan tana gyara, don ciki ba ya jira. Amma ta daina dawo da abin da aka goge. In ka kai mata irin wannan aikin sai ta ce ba ta da kayansa. Filash ɗin yana wuyanta har yau, kuma zaren ya bar mata baƙin tabo da bai goge ba.

Yarinyar ta girma, ta yi kyau, kamar uban ya yi kaki ya tofar. Tukunya biyu ake ɗorawa a gidan, ɗaya babu gishiri. Ba a dafa ruwa sai an kai ta maƙwabta. Ba ta dukan kowa, ba ta zagin kowa. Ba ta dai taɓa cewa Umma ba. In tana son ruwa sai ta ce, "Mai gyara, ƙishi."

Duk ranar Juma'a Hansatu ba ta zuwa shago. Da hantsi take yi mata wanka da ruwan sanyi, ta shafa mata mai, ta gyara mata kitso. In maza sun wuce masallaci, yarinyar takan ɗauki zanenta ta je ta zauna a bakin zaure. Hansatu takan tsaya daga ciki, bayan ƙyaure, inda ba a ganinta. Can sai ta ji yarinyar ta yi dariya, ta ce wa wani, "Umma, kin zo."

Da muryar Iklima take faɗa. Don ta ji wannan kalmar Hansatu take tsayawa.

To kun ji. In maza sun tafi masallaci, ku ja ƙofa, kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a shago ko a gindin itace. Wanda ya tsaya muku a bakin ƙofa bai yi sallama ba, ku bar shi a tsaye. In za ku zubar da ruwan zafi ku yi bisimilla da ƙarfi, don ba mai zubarwar kaɗai ke biya ba. Kuma in na'ura ta tambaye ku ko kun tabbata, ku cire hannunku tukuna.

Ku tashi ku yi addu'a. A bar fitilar nan a kunne.